Gashin biskit ɗin biki tare da yara ga wanda bai ƙware ba

Gasa biskit a gida lokacin biki al'ada ce da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka, musamman a makonni huɗun da ke gabanin Kirsimeti. A Jamus iyalai kan ware wani yammaci a watan Disamba su kwaɓa fulawa da bota da sukari, su murza, su yanka siffar tauraro da jinjirin wata da dabbobi, su gasa su cika gwangwanaye. Birnin Nuremberg ya yi ɗaruruwan shekaru da yin suna a kan Lebkuchen, wanda ake yi da zuma da kayan ƙamshi. Mutanen Holan da Beljiyam suna da speculaas na ranakun 5 da 6 ga Disamba, Suwidin kuma tana da pepparkakor, siriri mai ɗanɗanon citta. Baƙin da suka yi ƙaura daga waɗannan ƙasashe ne suka kai al'adar Amurka, kuma littafin girkin da Amelia Simmons ta wallafa a 1796 ya riga ya ƙunshi yadda ake biskit ɗin Kirsimeti. A duk waɗannan wurare yara suna da rabonsu a aikin. Manya da yawa kuma ba sa kusantar obin duk shekara sai a wannan lokaci, sai ga su da kwano a hannu, yara uku sun kewaye su, kowa na jiran a ba shi abin yi.

Ƙasashen Musulmi ma suna da irin nasu. A Masar ana gasa kahk a kwanakin ƙarshe na azumi, a Sudan ana yin ka'ak, mata da yara suna jera shi a manyan farantan ƙarfe a kai gidan burodin unguwa a gasa. A Siriya da Labanon akwai ma'amul mai dabino a ciki, wanda ake fitar da siffarsa da sassaƙaƙƙen katako. A ƙasar Hausa kuwa kayan Sallah irin su cincin da dubulan da alkaki duk a mai ake soya su. Gashin biskit ya shigo gidaje daga baya, da yaɗuwar obin na gas da hotunan girki a waya, kuma masu sana'ar sukan kira wannan irin biskit kukis. Saboda haka ana samun uwar da ta ƙware a suyar cincin amma ba ta taɓa gasa komai ba, ko yaya ko baba da yara suka matsa wa lamba sai an yi musu abin da suka gani a waya.

Abu na farko da ya kamata irin wannan mutum ya sani shi ne gashi ba ya karɓar gyara a tsakiya. Mai dafa miya yana ɗanɗanawa, ya ƙara gishiri, ya ƙara ruwa, ya rage wuta. Biskit da zarar ya shiga obin an gama magana, abin da aka kwaɓa shi zai fito, cikin minti 10 ko 12. Duk shawarar da za ta yi tasiri ana yanke ta ne kafin a kunna wuta, yawancinta ma kafin yara su shigo kicin.

Shawara ta farko ita ce wane iri za a yi, kuma a nan ne sabon hannu ya fi jefa kansa cikin wahala. Hotunan da ke yawo suna nuna gidan biskit mai rufi da taga, ko biskit mai zane kala biyar, aikin da ƙwararru ke ɓata yini guda a kai. Wanda bai taɓa yi ba iri ɗaya tak ya dace ya zaɓa, mai kayan haɗi kaɗan. Mafi sauƙi shi ne wanda mutanen Sikotilan ke yi a Kirsimeti da sabuwar shekara, da ake kira shortbread. Kayansa uku ne, kuma awonsa ba ya wuyar riƙewa: kashi ɗaya na sukari, kashi biyu na bota, kashi uku na fulawa, bisa nauyi. Wato sukari giram 100, bota giram 200, fulawa giram 300, da ɗan gishiri. Wannan yana ba da ƙananan biskit kusan 30. Ba ƙwai a ciki, ba abin tashi, don haka hanyoyin da zai bi ya lalace kaɗan ne. Wanda ya samu wannan ya fito masa daidai yana iya matsawa zuwa wanda ake sa wa ƙwai da bekin foda, ko mai gutsattsarin cakulan da Ruth Wakefield ta ƙirƙiro a masaukinta na Toll House a jihar Massachusetts cikin shekarun 1930. Shi wannan ma ba a murza shi, da cokali ake ɗiba a ajiye a faranti.

Sai awo. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma a tuwo da miya maganar tana nan daram. A gashi kuwa idon da bai saba ba yana yaudarar mai shi. Matsalar ta fi yawa a fulawa, domin tana danƙarewa. Kofi guda na fulawa da aka zuba da cokali a hankali nauyinsa giram 120 ne zuwa 125, amma in aka cusa kofin cikin buhu aka danna, yana iya haura giram 150. A kwaɓi mai kofi biyu da rabi, wannan bambanci ya kai rabin kofi na ƙarin fulawa, kuma shi ke sa kwaɓi ya bushe ya riƙa tsagewa. Yin awo da kofi da cokali shafaffe, ba tare da tozo ba, Fannie Farmer ce ta yaɗa shi a Amurka da littafinta na makarantar girki ta Boston a 1896. Kofin da littattafan girkin Amurka suke nufi yana cin mililita 240. Gwangwanin madara da ake awo da shi a kasuwannin Najeriya bai kai haka ba, kofin shayi kuma kowane gida da girman nasa. Ƙaramin sikeli na kicin yana kawar da duk wannan ruɗani. In babu shi, sai a ɗauki kofi ɗaya a auna komai da shi: rabin kofi na sukari, ɗan ƙasa da kofi guda na bota, kofi biyu da rabi na fulawa, a riƙa shafe saman kofin da bayan wuƙa.

Cokali ma yana da nasa tarko. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babban cokali mililita 15. Wanda ya ɗauki babba a inda aka ce ƙarami ya ninka abin sau uku, kuma in gishiri ne ko bekin soda, kwaɓin ya tashi daga aiki. Wannan awo na ƙananan abubuwa babba ne ya kamata ya yi shi da kansa, ya ajiye a ƙaramin kwano, yaro ya juye kawai.

Bekin soda da bekin foda ana yawan rikita su. Bekin soda dangin kanwa ne, kuma ba ya aiki sosai sai ya haɗu da abu mai tsami, kamar kindirmo ko ruwan lemun tsami ko zuma ko sukari mai ruwan ƙasa irin mazarƙwaila. In suka haɗu sai iska ta fito ta kumbura kwaɓin. In ba abu mai tsami, ko kuma aka zuba ya yi yawa, sai biskit ya fito da ɗanɗanon sabulu. Bekin foda kuwa soda ne da aka riga aka gauraya da nasa tsamin a bushe, ruwa da zafi kawai yake jira. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irinsa na farko a 1843 saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka yi da yis. Soda ya ninka foda ƙarfi sau uku ko huɗu, don haka ba a musanya su cokali da cokali. Mai gashin shekara sau ɗaya yana da wata matsala ta daban: gwangwanin bekin foda da ya rage tun bara mai yiwuwa ya sha iska ya mutu. Gwajinsa a zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. In ya yi kumfa nan take yana da rai, in ya kwanta shiru sai a sayi sabo. Yara suna son wannan gwaji ƙwarai.

Bota ita ce zuciyar biskit, kuma ita ce ta fi ba da wahala a ƙasa mai zafi. Kashi 80 cikin 100 nata mai ne ko sama da haka kaɗan, sauran yawanci ruwa ne. Ana buga ta da sukari har ta yi fari ta yi laushi, domin ƙwayoyin sukari suna huda ta suna shigar da ƙananan kumfar iska, waɗanda su ne za su buɗe a cikin obin. Wannan yana yiwuwa ne kawai in bota ta yi laushi amma ba ta narke ba, wato a wajen digiri 18 zuwa 20, lokacin da yatsa zai lotsa ta ba tare da ya nutse ba. Tana narkewa ne daga digiri 32 zuwa 35. Littattafan girki na Turai da Amurka sukan ce a fito da bota a bar ta ta ɗauki yanayin ɗaki, kuma ɗakin da suke nufi na watan Disamba ne a ƙasar sanyi. Mai bin wannan umarni a Kano ko Sakkwato ko Yamai cikin bazara, inda zafi ke haura digiri 40, zai tarar da mai tsululu a kwano. Kirsimeti a nan yana faɗowa cikin hunturu, wanda ke taimakawa. Sallah kuwa tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma Ƙaramar Sallah ta 2024 da ta 2025 duk a tsakiyar zafi suka zo, a watannin Afrilu da Maris. A irin wannan lokaci minti kaɗan a wajen firij sun ishi bota, kuma aikin ya fi kyau da sassafe ko bayan isha'i.

Botar gwangwani ko ta leda irin su Simas da Blue Band, da man tsirrai ake yin su. Wadda aka yi don gashi ta fi jure zafi, kuma tana aiki lafiya, sai dai ƙamshinta bai kai na botar madara ba. Mai laushin nan ta shafa wa burodi takan ƙunshi ruwa da yawa, sai biskit ya baje. Soyayyen man shanu kuma ba ruwa a cikinsa ko kaɗan. Yana ba da ƙamshi mai daɗi da biskit mai rugurgujewa a baki, irin wanda aka sani a kahk na Masar, amma ba ya riƙe iska in an buga shi sai an bar shi ya daskare tukuna.

Bayan an zuba fulawa, dokar ita ce a rage motsi. A cikin fulawar alkama akwai sinadarai biyu da in suka sha ruwa aka cuɗa su suke haɗuwa su zama gulutin, abin da ke sa kwaɓin burodi ya yi danƙo yana miƙewa. Mai burodi nemansa yake yi, shi ya sa yake cuɗa har ya yi gumi. Mai biskit gudunsa yake yi, don gulutin mai yawa yana sa biskit ya yi tauri ya ƙanƙance. Da zarar farin gari ya ɓace a kwano sai a tsaya. A nan buƙatar kwaɓi da buƙatar yaro suke cin karo, domin yaro ba abin da yake so kamar ya cuɗa, ya mulmula, ya baje, ya sake dunƙulewa, hannunsa mai ɗumi yana narkar da botar. Hana shi ba ya haifar da komai sai kuka. Mafita ita ce a yanka wa kowane yaro nasa curi, ya yi yadda ya ga dama da shi, a gasa masa abinsa ko da ya yi tauri, shi zai ci kuma zai yaba. Babban kason kwaɓi yana hannun babba, a naɗe a leda, a firij.

Hutun firij ɗin yana da dalili. Minti 30 zuwa awa ɗaya suna sa bota ta sake daskarewa, fulawa ta jiƙa daidai, kwaɓi ya murzu ba tare da manne wa tebur ba, kuma ya riƙe siffarsa a obin. Inda ba wutar lantarki, kwano mai murfi da aka ɗora a kan ƙanƙara cikin kula yana yin aikin. Awa ɗaya kuwa a wajen yaro ɗan shekara huɗu ba ta da iyaka. Shi ya sa masu dabara suke raba aikin kwana biyu: a kwaɓa da daddare, ya kwana a sanyi, washegari yara su zo su tarar da abin da za su yanka. Wannan yana da wani amfani ga sabon hannu, don yana yin awo da karatun umarni cikin natsuwa, ba mai jan zanensa ko rigarsa. In ana so yara su ga yadda ake haɗawa, sai a yi ƙaramin kwaɓi na biyu tare da su, ya shiga firij, a fito da na jiya.

Rabon aiki yana bin shekaru. Ɗan shekara biyu zuwa uku yana iya juye abin da aka auna, ya motsa da cokali, ya danna yatsa a tsakiyar curi. Daga huɗu zuwa shida yana iya murzawa da kwalba mai tsabta, ya yanka siffa da bakin kofi ko murfin gwangwani mara kaifi, ya yi ado da cokali mai yatsu. Ɗan bakwai zuwa tara yana iya awo, ya karanta umarni da ƙarfi, ya fasa ƙwai, amma a wani kwano daban, don ɓawo ko ruɓaɓɓen ƙwai kada su ɓata kwaɓin gaba ɗaya. Wanda ya haura goma ana iya ba shi duba agogo da lissafin ninka awo, inda rabi da rabi ke zama ɗaya a gabansa. Buɗe obin da ɗaukar faranti mai zafi na babba ne shi kaɗai. A gidaje da yawa ana kiran 'yan mata kicin a bar maza suna leƙe, alhali masu aiki a gidajen burodi na gari kusan duk maza ne, don haka ba wani dalilin ware su. Babba ɗaya kuma ba ya iya lura da ƙananan yara fiye da biyu ko uku ga wuta a kunne. In 'ya'yan maƙwabta sun cika gida, sai a nemi mataimaki ko a shigar da su rukuni rukuni.

Akwai abin da babba zai sasanta da kansa tun farko. Biskit mai kyan gani na baƙi da biskit ɗin da yara suka yi abu biyu ne, kuma da wuya faranti ɗaya ya zama duka biyun. Tauraron yaro yakan fito da ƙafa huɗu, wani ya yi kauri wani ya yi siriri. Babban da ke bin bayan yaro yana gyara masa kowane yanka yakan ƙare da yaron da ya ajiye ya fita wasa. Wanda ke buƙatar na kai wa surukai ya yi nasa daban bayan yara sun yi barci. Gyara ɗaya ne ya zama dole a na yara, wato kauri, domin siriri yana ƙonewa kafin mai kauri ya nuna. Ana so ya kai kamar milimita 5 ko 6. Dabarar ita ce a ajiye sanduna biyu masu kauri ɗaya a gefe da gefen kwaɓi, kwalba ta bi ta kansu, ba yadda za a yi ya fi haka siranta.

Maganar lafiya ba ta da sasanci. Yara suna lasar kwaɓi, manya ma suna yi, kuma an daɗe ana gargaɗi a kan ɗanyen ƙwai saboda ƙwayar cutar salmonela. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fulawa ma ɗanya ce. Alkama daga gona take, kuma niƙa ba ya kashe ƙwayar cuta. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigin ɓarkewar cutar E. coli da ta kama mutum 63 a jihohi 24, ta gano daga fulawa ce, kuma da yawa daga cikinsu sun ci ko sun taɓa ɗanyen kwaɓi. Wannan cuta tana iya taɓa ƙodar ƙananan yara. Don haka ko kwaɓin da ba ƙwai a ciki ba a lasarsa. Faɗa kaɗai ba ya hana yaro, abin da ke hana shi shi ne ya ci abinci kafin a fara, kuma a ajiye masa ɗan dabino ko ayaba a gefe. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin aiki da bayansa, a goge tebur. Ba a ba yaron da bai kai shekara biyar ba gyaɗa ko yazawa guda guda saboda shaƙewa, sai an daka. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba abin da aka sa wa zuma, ko da an gasa. Kuma in za a rarraba wa maƙwabta, a faɗa musu in akwai gyaɗa a ciki, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta.

In ƙuna ta faru, maganinta na farko ruwan sanyi ne mai gudana, na tsawon minti 20. Ba a sa ƙanƙara, ba a shafa manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko gishiri, duk da an saba yin haka, domin wasu suna riƙe zafi wasu suna shigar da ƙazanta. Ƙunar da ta yi faɗi, ko ta samu fuska ko tafin hannun yaro, asibiti ake kai ta.

Obin kansa yana buƙatar a san halinsa. Yawancin umarnin Amurka suna cewa digiri 350, a ma'aunin Fahrenheit ke nan, wanda ya yi daidai da kusan digiri 180 a ma'aunin Celsius, ko lamba 4 a obin na gas mai lambobi. Obin mai fanka ana rage masa digiri 20. Shortbread ya fi son wuta mai sauƙi, wajen digiri 160, na kusan minti 20. Ana kunna obin minti 10 zuwa 15 kafin a sa komai, don in kwaɓi ya shiga obin mai sanyi bota tana narkewa ta malale kafin fulawa ta kama. Ƙananan obin da yawa ba sa faɗin gaskiyar zafinsu, wasu ma ba lamba a jikinsu. Maganin wannan shi ne gwaji da biskit biyu kacal kafin a cika faranti. In ƙasansu ya ƙone samansu bai nuna ba, a ɗaga faranti sama ko a ninka faranti biyu. In sun baje, kwaɓi ya koma sanyi. In sun ƙi motsi sun bushe, fulawa ta yi yawa. Baƙin faranti ya fi fari saurin ƙona ƙasa. A bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin biskit, a juya faranti a tsakiyar lokaci, kuma kada a jera sabon kwaɓi a farantin da bai huce ba.

Gidan da ba obin yana iya gashi a tukunya. Ana zuba yashi mai tsabta ko gishiri a gindin babbar tukunya, kaurin yatsa biyu ko uku, a ɗora wani ƙarfe ko duwatsu uku, a rufe a bar ta ta yi zafi minti 10, sannan a sa faranti a kai ba tare da ya taɓa gindin ba. Zafin daga ƙasa yake zuwa, don haka ana rage wuta, wasu kuma suna zuba garwashi a kan murfi don sama ya yi ja. In da gawayi ake yi, a tsakar gida ake yi, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Murhu a ƙasa kuma daidai tsayin mai rarrafe yake, sai an sa wani ya tsare.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙarshen gashi shi ne jiran biskit ya yi tauri a cikin obin. Ba ya yi. Yana fitowa da laushi, sai ya huce sukari da bota su daskare ya yi ƙarfi. Alamar nuna ita ce gefensa ya fara yin ruwan zinare, samansa ya daina sheƙi. Wannan launi da ƙamshin da ke cika gida suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadarin gina jiki a kan zafi, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya yi bayaninsa a 1912. Daga ruwan zinare zuwa ƙonewa kuwa minti biyu ne kacal, kuma a daidai lokacin ne wani yaro zai zubar da gari ko a yi faɗa kan kwalba. Ƙararrawar waya tana maganin wannan, a saita ta minti biyu ƙasa da abin da aka rubuta. Bayan an fitar, a bar shi a faranti minti 3 zuwa 5 kafin a ɗaga, in ba haka ba ya karye.

Ado shi ne rabon da yara suka fi jira, kuma ba a fara shi sai biskit ya huce sarai. Irin farin adon da ke daskarewa kamar siminti da farin ɗanyen ƙwai ake yinsa, don haka bai dace da yara ba. Niƙaƙƙen sukari mai laushi da 'yan ɗigon ruwan lemun tsami ko madara sun wadatar, a riƙa ɗiga ruwan kaɗan kaɗan, don cokali ɗaya na ƙari yana mai da shi kunu. Ana zuba shi a ƙaramar leda a huda kusurwa, yaro ya matsa ya yi zane. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana iya barbaɗa riɗi ko kwakwa ko sukari da kirfa kafin gashi. Garin citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, waɗanda ke ba biskit ɗin Jamus da Suwidin ƙamshinsa, duk suna teburin mai kayan yaji a kasuwa, sai dai kanumfari yana da ƙarfi, ɗan mitsitsi ya isa.

Sukarin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kamar giram 25 ko ƙananan cokula shida ga babba. Kwaɓin giram 100 na sukari da aka raba 30 yana ba kowane biskit giram uku da ɗoriya, adon sama kuma yana iya ninka wannan. Ya fi sauƙi a faɗa wa yara adadin da kowa zai ci tun kafin faranti ya fito, a kuma ba su aikin ƙirga sauran da ƙulla na maƙwabta da kakanni.

Ajiya tana bin yanayi. Biskit yana shiga gwangwani ko roba mai murfi ne bayan ya huce gaba ɗaya, don tururin da ya rage yana mai da shi laushi. Ba a haɗa mai ƙaras ƙaras da mai taushi a mazubi ɗaya, domin na farko yana jan damshin na biyu. A hunturu iska a bushe take, shortbread yana kai mako biyu lafiya. A damina kuwa yana saurin yin sanyi, amma minti 5 a obin mara zafi sosai suna dawo da shi. Ragowar ɗanyen kwaɓi yana kwana biyu zuwa uku a firij, a firiza kuma yana kai wata uku in wuta ba ta yankewa. Ana mulmula shi kamar sanda a naɗe a leda, duk ranar da ake so a yayyanka a gasa.